Saƙonnin da Ba Su Fita Ba

"Kaɗan-kaɗan za a riƙa ba ta, Baba," in ji 'yarsa, tana jona tsohuwar kwamfutar mahaifiyarta da intanet. "In aka sakar mata gaba ɗaya, shaƙewa za ta yi."

Shi ya tsinke layin intanet ɗin shekara ashirin da suka wuce, ranar da ya rantse matarsa wani namiji take rubuta wa. Har ta rasu bai janye maganar ba.

"Akwai saƙonninta arba'in da suka maƙale. In bar su su tafi?"

"Bar su. Yau zan san sunansa."

Na farko ya fita da ƙyar. Wayar aljihunsa ta yi ƙarar shigowar saƙo. Na biyu ya fita, ta sake yi.

'Yar ba ta ɗago kai ba. "Saura talatin da takwas, Baba. Zauna."