Littafin Mafarki a Ɗakin Wankin Ƙoda

"Wannan kuma wane irin littafi ne, duk baƙi ƙirin?" in ji Baba, yana juya shafi da hannun da babu allura.

Awa uku ke nan suna ɗakin wankin ƙoda. 'Yarsa ta gaji, ko magana wahala take mata. Littafin da ke hannun Baba nata ne, na zane-zane, labarin wani mutum da ya maƙale cikin mugun mafarki. Baba ba ya jin yaren da aka rubuta shi da shi, hotuna kawai yake bi.

"Dubi wahala! Dodanni sun tasa shi gaba, ba hutu. Ni da shi ba mu da maraba."

Ta san ƙarshen labarin, mutumin bai taɓa farkawa ba.

Can sai ta ji Baba yana dariya, abin da rabonta da ji tun bara.

"Ashe ya farka, 'yar nan! Ga shi cikin iyalinsa, rana ta fito!"

Ta leƙa. Shafin farko ne. Daga ƙarshe Baba ya faro littafin, ya biyo shi zuwa farko.

Ta gyara masa bargo.

"Ya farka, Baba."