Injin da Aka Haɗa Domin Kunnen 'Yan Kallo

Zauna tukuna, Alhaji, kafin mu taɓa motar nan taka. Ka ce ƙara kake so ta yi, wadda in ka shigo layi kowa zai leƙo. To bari in ba ka misali.

A wani gari na bakin sahara, inda ake tseren motoci duk shekara cikin bazara, an yi wani bakanike da hannunsa ya faɗa a haɗa inji. Yana da amini, direban tsere, wanda ya daɗe ba ya hawa mota sai wadda bakaniken ya haɗa. Da ƙarfin direban ya fara raguwa, sai ya zo gareji ya ce yana son ya yi tserensa na ƙarshe, kuma abu ɗaya yake nema, injin da zai kai shi ƙarshen tseren. A lokacin akwai injuna biyu a garejin. Ɗaya mai silinda shida ne, baƙi, marar kyan gani, muryarsa ƙasa-ƙasa, amma ya san zafi ya san rairayi. Ɗayan kuwa mai silinda goma sha biyu ne, an ciro shi daga wata motar ƙawa ta ƙasar waje da ta yi haɗari, kansa ja wur, in aka taka masa totur sai ka ji kamar ana yaga sabon yadi. Direban ya nuna mai shida. Amma bakaniken yana da wani miki a zuci: abokan sana'arsa sun daɗe suna yi masa ba'a cewa injunansa ba su da maraba da injin niƙa. Sai ya yi ta lallashin amininsa har ya amince da jan injin.

Injin ya fi ƙarfin gaban motar, don haka ya dasa shi a bayan kujerar direba, ya rufe shi da gilashi yadda kowa zai gani. Wuri ya ƙure, sai ya sa ƙaramin lagireto, wato tankin ruwan sanyaya inji, a madadin babba. Da ya tayar, ya ji matacin iska yana danne muryar, sai ya cire shi ya sa 'yar raga. Ya datse salansa, bututun hayaƙin da ke rage ƙara. Kafin mako ya zagayo garejin ya zama wurin kallo. Da la'asar mutane sukan taru, a tayar da injin, gilasan shagunan layin su yi ta rawa, masu yi masa ba'a kuwa su tsaya daga nesa suna leƙe. Sau ɗaya direban ya tambaye shi, yana kallon wurin da matacin yake a da: "Malam, zai kai ni kuwa?" Bakaniken ya ce, "Ai ni na haɗa shi."

Ranar tsere motar ta fita kamar an harba kibiya. Tun ba ta ɓace ba jama'a suka ɗaga bakaniken sama suna yi masa kirari. Amma can cikin daji, inda babu mai tafi, injin ya yi ta zuƙar rairayi, ruwansa ya tafasa, rana kuma tana tsakiyar ka. Fistin, ƙarfen da ke kai-komo a silinda, ya ɓalle ya huda cikin injin, baƙin mai mai zafi ya fantsama ya kama da wuta, a daidai bayan mutumin da ke riƙe da sitiyari. Da ƙyar ya fito, rigarsa tana ci. Motocin da ya bari a baya, masu injin niƙan nan, suka zo suka wuce ɗaya bayan ɗaya, ta ƙarshe ce ta tsaya ta ɗauke shi. Ita kuwa motar, shanun huɗa ne suka jawo ta gari washegari, suka bi da ita ta layin garejin, baƙa ƙirin, gilashin ya narke a kan injin.

Bakaniken ya kulle gareji. Ya daina zuwa masallacin layin, ya koma wani can nesa inda ba a san shi ba. Da ya kwance injin shi kaɗai, ya zura hannu ciki, sai ya ɗebo rairayi cike da tafi. Ya daɗe a tsugune yana kallonsa. Sai da matarsa ta ce masa rashin zuwa dubiyar ya fi laifin muni, sannan ya ja ƙafa zuwa asibiti. Ya tarar da amininsa kwance rubda ciki, bayansa duk a naɗe, 'yan dubiya sun kewaye shi, yana gaya musu cewa laifinsa ne, shi ya matsa wa motar fiye da kima. Bakaniken ya tsaya a bakin ƙofa, ya ji ina ma ƙasa ta tsage ya shige, don da zagi aka yi masa da ya fi masa sauƙi. Da mutane suka watse ya matsa kusa. Direban ya juyo da fuska da ƙyar, ya dube shi, ya ce a hankali, "Kada ka damu, Malam. Ai ya yi kuka mai daɗi." Bakaniken ya durƙusa a gefen gadon ya rufe fuska da hularsa.

To ka ji, Alhaji. Masu tafi a bakin layi suke tsayawa, ba sa bin ka daji. Shi ya sa Bahaushe ya ce, ba girin-girin ba dai, ta yi mai.