Ranar Da Barewa Ba Ta Zo Ba

Baƙon ya ajiye ƙwaryar kunu, ya nuna bakin rijiya. "Inna, dubi barewa! Har cikin gida?"

Tsohuwar ba ta ko ɗaga kai ba. Shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara ita da marigayi mijinta suka gina masaukin nan a bayan Moriki: ɗaki huɗu na jar ƙasa, inuwar tsamiya, kunu da ƙosai kowace safiya. A da, in ana gobe kasuwa, har a zaure fatake ke kwana. Yanzu wata biyar tabarminta na naɗe, sai wannan malamin makaranta da mota ta lalace masa.

"Kina cikin ni'ima," in ji shi. "Namun daji ma sun amince da ke."

"Ba amincewa ba ce, ɗana. Da ko sawunsu ba mu gani. Masu bindiga ne suka tare a dajin, shi ne suka gudo nan. Muddin suna zuwa shan ruwa, na san waɗancan suna nesa."

Washegari ta zuba ruwa, ta watsa gero. Har hantsi ya dubi ludayi, ko zabuwa ba ta leƙo ba.

Da hannunta ta naɗe tabarmar baƙon. "Tashi ka kama hanya, kada ka jira kunu."

"Ke fa, Inna?"

Ta dubi ruwan da babu bakin da ya taɓa shi. "Barewa ta gudo ta sami gidana. Ni in na gudu, gidan wa zan samu?"