Tafintan Taron Ambaliya

Katakon da aka jingina a kan matattakalar zauren taron bai ko kai sama ba. Ummusalma ta tsaya tana kallon wani dattijo a keken guragu. Ya tura, ya dawo da baya, ya sake turawa, har wasu majiya ƙarfi suka cicciɓe shi da keken gaba ɗaya kamar buhun dankali. Wani jami'i da ke bakin ƙofa ya ɗauki hoton katakon da wayarsa, ya gyaɗa kai. Sharaɗi ya cika ke nan.

Ta tofar da yawu gefe, ta shiga.

Ummusalma tela ce a unguwar Rikkos. Sanƙarau ne ya tafi da jinta tun tana firamare, amma bakinta na nan, tana kuma karanta leɓe. Tana cikin matan ƙungiyar kurame da suka yi ta sintiri ofis-ofis har aka kafa ƙa'ida: duk mai shirya taron jama'a sai ya tanadi hanyar keke da kujerun gaba da tafintan maganar hannu, in ba haka ba babu izini. Yau za su fara ganin amfanin wahalarsu. Taron kuwa ba na wasa ba ne. Damina ta kankama, za a bayyana layukan da ruwa zai iya ci, da inda za a fake idan rafi ya taso.

Kujerun gaba manyan baƙi sun riga sun cika su. Su kurame aka jera su a gefe, jikin lasifika, wai don su fi ji. Ƙarar tana dukan haƙarƙarin Ummusalma.

Klaudiya, ƙawarta ta ƙungiya da ke zuwa daga Tudun Wada, ta taɓa ta, ta ce da hannu, "Rabu da su. In dai akwai tafinta ai mun tsira."

Sai ga tafintan ya hau dandamali, kaftani sabo, kati rataye a wuya. Ya tsaya kusa da mai jawabi, ya kafa ido can sama da kawunansu, bai yarda ya dubi layinsu ba. Ummusalma ta kafe shi da ido.

Mai jawabi ya buɗe taswira ya soma nuna unguwanni. Tafinta ya ɗaga hannu.

"Kawo abinci," in ji hannun.

Aka nuna gada. "Ina hulata?"

Aka nuna makarantar da za a fake. "Rufe ƙofa. Zo nan. Tashi."

Da waɗannan suka ƙare sai ya shiga kaɗa yatsu kamar mai korar ƙuda, sannan ya koma farko. Jama'a kuwa sun ɗaga wayoyi suna ɗaukarsa, wata mata har tana share hawaye, wai an tuna da bayin Allah.

Da farko kuramen dariya suka yi. Ba su daɗe ba suka daina. Baba Lai'atu, tsohuwar da ruwa ya shiga ɗakinta bara har gado, ta jawo mayafin Ummusalma, ta tambaye ta da hannu.

"Ƴata, cewa ya yi mu rufe ƙofa? In ruwa ya zo mu rufe ƙofa mu zauna?"

Ummusalma ta girgiza kai. Ta zura wa bakin mai jawabin ido ko za ta tsinci sunan layi ɗaya, amma makirufo ya rufe leɓen.

"Ke ce mai baki a cikinmu," in ji Klaudiya, hannayenta na saran iska. "Tashi ki tona masa asiri!"

Ita da ta sha tsayawa gaban manya tana faɗa musu gaskiya, yau kujera ta riƙe ta. Ta sunkuyar da kai har aka tashi.

Klaudiya ba ta haƙura ba. Ta ja Ummusalma har gaban mai shirya taron, wani mai tumbi da ke rabon robobin shinkafa. Ya wage baki yana magana a hankali kamar yana lallashin yara, Ummusalma na karantawa tana mayar wa ƙawarta.

"Madam, ku yi haƙuri, amma mutumin nan ƙwararre ne. Oganmu da kansa ya tantance shi. Shekara da shekaru yana tare da kurame, kullum, safe da yamma."

"Wane kurma?" Klaudiya ta watsa hannu. "Mutumin da ko sannu bai iya ba? Ko na gode bai iya ba?"

Wannan Ummusalma ba ta fassara ba.

Tafintan ya zo wucewa da robar shinkafarsa, ana ta dafa kafaɗarsa. Ya yi kiciɓis da su. Ya waiga hagu da dama, ya sauke hannu daidai cinya inda jama'a ba za su gani ba, ya yi wa Ummusalma alama ɗaya da sauri: "Tafi gida."

Ummusalma ta dube shi tun daga hula har takalmi, ta juya masa baya. Ta kama hannun Baba Lai'atu suka nufi taswirar kafin a naɗe ta, ta sa yatsa tana neman layin tsohuwar.

Klaudiya ta biyo su ta tare gabanta. "Tsaya. Me ya sa duk cikinmu ke kaɗai ya yi wa magana?"

Ummusalma ta ɗauke yatsanta daga taswirar.

"Mijina ne. Abin da kika gani yau, iyakar abin da ya taɓa faɗa mini ke nan."