Inda Turke Ya Faɗi

Jami'in ƙididdiga ya juya baya ya jefa turke, yadda aka koya masa: inda ya faɗi nan ake aunawa, a ninka a kan gonar duka. Turken ya tsallake busasshen kara, ya sauka a ɗan wurin da masara ta yi goyo.

"Ɗan nan, sake jefawa mana," in ji tsohuwa mai gonar.

"Inna, sau ɗaya ne. Don a yi adalci."

Ya auna, ya ninka. Lissafi ya ce ta fi kowa iya noma, saboda haka babu ita cikin masu samun tallafin iri.

Yana naɗe igiya ya tambaye ta takin da ta zuba a wurin.

"Nan muka binne sanmu na noma bara."