Ƙafa Ake Dubawa

Shekarar da sanyi ya hana mu wasa a waje, yaran gidanmu suka mai da zaure filin tseren mota. Ni kaɗai ce ba ni da mota. Sai Kaka, dillalin jakai a kasuwar Illela, ya ja hannuna zuwa rumfar wani mai kayan wasan yara da ake kawowa daga garin Ƙwanni.

Motoci biyu ne masu rimot. Idona ya faɗa kan ja mai ƙyalli, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. Kaka ya ɗauki ɗayar, mummuna, ya birkice ta yana latsa tayoyin da babban yatsa.

"Kaka, jar nika so!"

"Amarya, mi kinka sani? Ba a sayen dabba don launi, ƙafa ake dubawa. A kora su in gani."

Ya shimfiɗa tabarmar mai rumfa. Jar ta zo bakin tabarma ta tsaya tana kuka. Mummunar ta haye abinta.

"To, zaurenmu tabarmi nawa?"

Na rungumi mummunar, Kaka ya biya. Yammacin nan na tsere wa kowa.

Har yau in zan sayi mota sai na durƙusa na latsa taya. Dillalai suna dariya, ni kuwa muryarsa nake ji.