Kwamfuta a Zauren Baba

Tun da Fatiha ta hango Mujtaba a ƙofar gidansu a Kalgo, shi kaɗai rungume da kwamfuta, ranta ya ɓaci. Yau ce Juma'ar da Baba ya ce ya turo magabatansa daga Gwandu ko ya daina zuwa. Yini ta yi tsaye a asibiti, ƙafafunta har zugi suke.

"Ina kawunka Atiku?" ta tambaya.

"Tsaya ki ga wani abu tukuna."

Ya buɗe kwamfutar yana murmushi. Wata uku ya kwashe yana sauya kalmomin da ake ba na'ura umarni da su, ya mayar da su zancen mawaƙa. In yana son ta maimaita aiki, sai ya rubuta "kogi ya kewayo". In ta tsaya, "rana ta faɗi". In an yi kuskure, "zuciya ta karye".

Ya danna. Sunanta ya cika allon, layi bisa layi.

"Kin gani? Tana jin harshen soyayya."

Ta dube shi, ta dubi zauren da aka share aka shimfiɗa tabarmi tun safe.

"Ita ta ji. Baba fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Wallahi nauyin Kawu nike ji."

Fatiha ta rufe kwamfutar a hankali, ta cusa ta cikin hijabinta.

"Ke, aikina duka yana ciki!"

"Na sani," ta ce, ta juya. "Tana wurin Baba. Ka zo da Kawu ka karɓa."